Shirin diyya na Ostireliya ga waɗanda aka yi lalata da su suna yara: abin da yake biya da abin da ya bari a rufe

A shekarun da na yi ina zaune a wata unguwa da ke yammacin Melbourne, na taya mutane cika takardu iri-iri, amma babu wadda ta tsaya mini a rai kamar fom ɗin shirin diyyar da ake kira National Redress Scheme. Maƙwabcina ne ya kawo mini shi a cikin ambulan, wani dattijo Bature da ya haura shekara 70, wanda na saba kira Baba tun farkon zamanmu, domin idonsa ya yi rauni kuma hannunsa yana rawa idan ya riƙe biro. Ya tashi ne a wani gidan marayu da wata ƙungiyar addini take gudanarwa, kuma abin da aka yi masa a can tun yana ɗan shekara 9 bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa ta rasu ba ta sani ba. Mun yi zama huɗu a teburin kicin ɗinsa kafin mu gama, yana faɗa ina rubutawa, wani lokaci ya yi shiru na tsawon minti goma yana juya kofin shayin da ya riga ya huce. Daga wannan zaman ne na shiga karanta dokar shirin da rahotannin da aka yi a kansa.

Shirin ya samo asali ne daga babbar hukumar binciken da Firaminista Julia Gillard ta sanar da kafawa a Nuwamba 2012, wadda Mai Shari'a Peter McClellan ya jagoranta har ta miƙa rahotonta na ƙarshe a Disamba 2017. Hukumar ta zauna a keɓe da mutum fiye da 8,000, ta yi zaman sauraren bahasi a bainar jama'a har 57, ta kuma ba da shawarwari 409. Alkaluman da ta fitar game da Cocin Katolika sun girgiza ƙasar: mutum 4,444 ne suka kai kukansu ga hukumomin cocin tsakanin 1980 da 2015, kuma kashi 7 cikin 100 na limaman da suka yi aiki tsakanin 1950 da 2010 an zarge su da lalata da yara. A takardun Shaidun Jehobah an samu sunayen mutum 1,006 da aka zarga tun daga 1950, kuma ƙungiyar ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu wurin 'yan sanda ba. Binciken ya taɓa Cocin Angilikan, da Salvation Army, da makarantun Yahudawa a Melbourne da Sydney, da gidajen marayu na gwamnati, da ƙungiyoyin wasanni. Ina jaddada wannan ne domin kada mai karatu ya ɗauka cuta ce ta addini ɗaya. Mu da muka ga yadda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019 ba mu da bakin da za mu nuna wa wani yatsa.

An buɗe shirin ranar 1 ga Yuli 2018 a ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin jama'a ta tarayya, kuma zai yi shekara 10, amma za a daina karɓar takardun nema ranar 30 ga Yuni 2027. Wanda zai nema sai ya kasance an ci zarafinsa kafin ranar da aka buɗe shirin, yana ƙasa da shekara 18, a hannun wata cibiya da ta shiga shirin. Ana iya cikawa a takarda ko ta intanet, kuma fom ɗin kashi uku ne: bayanin mai nema, bayanin abin da aka yi masa, sai yadda abin ya shafi rayuwarsa. Daga nan ma'aikatan shirin suna tuntuɓar cibiyar da ake zargi su nemi abin da ke cikin takardunta, sannan wani jami'i mai zaman kansa ya yanke hukunci. Abu uku ake bayarwa: kuɗin da bai wuce dalar Ostireliya 150,000 ba, da damar zama da ƙwararrun masu kula da lafiyar hankali, da neman gafara kai tsaye daga cibiyar idan mutum yana so. Kuɗin daga aljihun cibiyar yake fitowa, gwamnati tana biya ne sannan ta karɓa daga wurinta, kuma ba a cire masa haraji.

Babban alherin shirin, wanda ba na so a raina shi, shi ne ma'aunin da yake amfani da shi wajen yarda da mutum. A kotu sai mai ƙara ya tabbatar cewa maganarsa ta rinjayi ta abokin shari'a, kuma sai ya tsaya gaban lauyan cocin ya sha tambayoyi a kan ranar da ba zai iya tunawa ba da ɗakin da aka rushe shekara 40 da suka wuce. A nan abin da ake nema kawai shi ne a ga akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa abin ya faru. Ba a kiran mutum ya fuskanci wanda ya cuce shi, ba a neman shaida, kuma ko wanda ake zargin ya mutu ba ya hana a biya. Hukumar binciken ta gano cewa mutanen da ta saurara sun ɗauki kusan shekara 24 a matsakaici kafin su iya buɗe baki, don haka wanda ya tsara wannan sassauci ya san mutanen da yake hulɗa da su. Ranar da wasiƙar hukuncin ta iso, Baba bai fara tambayata nawa aka rubuta ba. Ya ce in sake karanta masa layin da ke nuna an yarda da abin da ya faɗa, na karanta sau biyu, sannan ya naɗe takardar ya saka a aljihun rigarsa.

Wani abin yabo shi ne taimakon da ke kewaye da shirin, wanda kyauta ne. Akwai ofishin lauyoyi mai suna knowmore, wanda aka kafa tun zamanin hukumar binciken, yana ba da shawarar shari'a ba tare da karɓar ko sisi ba, akwai ƙungiyoyin tallafi da gwamnati ke biya domin su zauna da mutum ya cika fom, ana kuma samar da tafinta ga wanda Turancinsa bai nuna ba. Lauyar da ta yi magana da Baba ta waya ta shafe fiye da sa'a guda tana warware masa abin da zai samu da abin da zai rasa, ba ta tura shi ko'ina ba, kuma da ya gaji ta ce a bari sai wani makon. Saboda shekarunsa ya cancanci kuɗin somin-taɓi na dala 10,000 da aka shigo da su a 2021 domin tsofaffi da masu ciwon ajali, waɗanda ake ba wanda ya kai shekara 70, ko 55 idan ɗan ƙabilun asali na ƙasar ne, irin su Aborigine, tun kafin a yanke hukunci. Wannan gyara ya biyo bayan bitar da Robyn Kruk, tsohuwar babbar jami'ar gwamnati, ta yi wa shirin bayan ya cika shekara biyu, inda ta ba da shawarwari 38, ta kuma nuna cewa takardar mutum tana ɗaukar fiye da shekara guda a matsakaici kafin a gama da ita. Ga mutanen da yawancinsu tsofaffi ne, jinkiri irin wannan yana nufin wasu sun rasu suna jira, kuma rahotannin majalisar dokokin ƙasar sun sha nanata hakan.

Inda hankalina ya fara tashi shi ne da na buɗe jadawalin da ake lissafa kuɗin da shi. Hukumar binciken ta ba da shawarar a tsayar da mafi yawan kuɗi a dala 200,000, gwamnati ta rage zuwa 150,000, kuma ba ta ɗauki shawarar sa mafi ƙarancin kuɗi na dala 10,000 ba. Jadawalin ya raba cin zarafi gida uku bisa ga abin da aka yi wa jikin yaron. Wanda aka yi wa fyaɗe ne kaɗai zai iya kaiwa 150,000, kuma sai an haɗa da ƙarin 50,000 da ake bayarwa idan yanayin ya munana ƙwarai. Wanda aka taɓa jikinsa ba tare da an kai ga haka ba, iyakarsa 50,000. Wanda aka tilasta masa kallon abin da bai kamata ba, iyakarsa 20,000. Ma'anar wannan ita ce yaron da wani limami ya shekara biyar yana shafa shi kowane mako, ya girma ya kasa riƙe aure ko aiki, ba zai taɓa wuce kashi ɗaya cikin uku na mafi yawan kuɗin ba, komai girman ɓarnar da aka yi wa rayuwarsa. Duk wanda ya zauna da irin waɗannan mutane ya san ciwon ba ya bin wannan tsari, kuma Robyn Kruk da kanta ta nemi a sake duba jadawalin.

Sannan akwai batun kuɗin da mutum ya taɓa karɓa a baya. Tun 1996 Cocin Katolika ta kafa shirye-shiryenta na cikin gida, ciki har da na Melbourne wanda George Pell ya ƙaddamar yana babban bishop, inda aka fara da iyakar dala 50,000. Duk wanda ya karɓi irin wannan kuɗi, shirin yana cire shi daga abin da zai ba shi, kuma ba adadin da ya karɓa ake cirewa ba, sai an ƙara masa kashi 1.9 cikin 100 na kowace shekara. Idan aka lissafa, wanda ya karɓi dala 30,000 shekara 20 da suka wuce za a ɗauka kamar ya karɓi kusan 43,700, ta yadda idan iyakar rukuninsa 50,000 ce, abin da zai rage masa bai kai 7,000 ba. Ita kuwa iyakar 150,000 ba a ɗaga ta bisa tsadar rayuwa. Hauhawar farashi tana aiki ne a ɓangaren da ke rage wa cibiya nauyi, ba ta aiki a ɓangaren da ke ƙara wa wanda aka cuta.

Amma abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne babu gurbi ko ɗaya a cikin jadawalin da ya shafi ɓoye laifi. Tambayar da shirin yake yi game da cibiya ita ce ko ita ce sanadin haɗuwar yaron da wanda ya cuce shi. Ba ya ƙara ko dala ɗaya domin shugaban cibiyar ya sani ya yi shiru. Cocin da aka yaudare ta da cocin da bishop ɗinta ya karɓi kukan iyaye ya ɗauke limamin ya kai shi wani gari cikin sababbin yara, kuɗi ɗaya za su biya. Alhali wannan ɓoyewar ita ce zuciyar abin da hukumar binciken ta tono. A Ballarat, wani gari a jihar Victoria, ta gano cewa Bishop Ronald Mulkearns ya san halin wani limami mai suna Gerald Ridsdale tun tsakiyar shekarun 1970, amma ya ci gaba da sauya masa wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan, kuma daga baya kotuna suka samu Ridsdale da laifin lalata da yara da dama, ya mutu yana ɗaure a 2025. Mulkearns ya rasu a 2016 ba tare da an gurfanar da shi ba. A Hausa rufin asiri kalma ce mai daraja, addu'a ce da muke yi wa juna, amma abin da aka yi a Ballarat rufin asirin babba ne da aka biya da jikin yara, kuma shirin da aka kafa saboda wannan ta'asa ba shi da ma'aunin da zai auna ta.

Wannan ya ƙara nauyi idan aka dubi takardar da mutum yake sa wa hannu kafin ya karɓi kuɗin. Ana ba shi wata 6 ya yi shawara, kuma idan ya amince ya yafe wa cibiyar da jami'anta duk wata ƙarar neman diyya a kan wannan cin zarafin har abada, ko da yake yafewar ba ta shafi shi mai laifin ba, kuma ba ta hana 'yan sanda aikinsu. Nema sau ɗaya ake yi. Bayanan da ke cikin takardar sirri ne da doka ta kare, wanda abu ne mai kyau ga mai nema, sai dai yana nufin jama'a ba za su taɓa jin wane ne ya sani ba, yaushe ya sani, kuma me ya rubuta a fayil. A kotu ne kawai ake tilasta wa cibiya ta fito da wasiƙunta, a kira shugabanta ya yi rantsuwa, alƙali ya rubuta abin da ya gano da sunan kowa. Don haka duk takardar da aka sa wa hannu a shirin, ƙofa ce ɗaya da aka rufe wadda da ta iya kaiwa ga wannan. Da lauyar ta gama yi wa Baba bayani, tambayar da ya yi mini bayan ya ajiye waya ita ce wanda ya ɗauke malamin da ya cuce shi daga gidan marayunsu ya kai shi wata makarantar, shi a ina zai amsa tasa tambayar.

Adalci ne a faɗi cewa hanyar kotun ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma tarihinta ne ya sa mutane da yawa suke ganin da babu gara ba daɗi. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta New South Wales ta yanke a shari'ar John Ellis, wanda wani limami ya yi lalata da shi yana yaro, cewa Cocin Katolika ba wata halitta ba ce a idon doka da za a iya kai ƙara, kuma amintattun da ke riƙe da dukiyarta ba su da alhakin abin da limami ya aikata. Cocin ta kashe kusan dala miliyan 1.5 wajen yaƙar mutumin da ya taɓa neman a sasanta da shi a kan 100,000. Sai bayan hukumar binciken ne jihohi suka toshe wannan kafa, Victoria a 2018, New South Wales daga farkon 2019, bayan sun riga sun soke wa'adin shigar da irin wannan ƙara, har aka fara ganin sasantawar da ta kai dala miliyan ɗaya ko fiye. Duk da haka a Nuwamba 2024 kotun ƙoli ta ƙasar ta soke diyyar dala 230,000 da aka ba wani mutum a kan dayosis ɗin Ballarat, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop ɗin garin, bisa hujjar cewa limamin da ya cuce shi ba ma'aikacin coci ba ne a ma'anar doka, abin da ya sa wasu jihohi suka shiga gyara dokokinsu. A ɓangaren hukunta masu ɓoyewa kuwa, shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Philip Wilson, babban bishop na Adelaide, wanda aka samu da laifin ɓoye ta'asar wani limami a Mayu 2018, sannan wata kotu ta soke hukuncin a Disamba na shekarar. Wanda ya ga wannan ba zai zargi dattijo mai ciwon zuciya ba idan ya zaɓi abin da zai samu yana raye.

Akwai kuma matsalar cewa shiga shirin ganin dama ne ga cibiyoyi. Idan wadda ta cuci mutum ba ta shiga ba, takardarsa tana nan ajiye. Manyan coci-coci sun sanar da shigarsu tun 2018, ko da yake wasu rassansu sun ja ƙafa, amma Shaidun Jehobah sun ƙi har sai da minista Anne Ruston ta ambaci sunansu a bainar jama'a a Yuli 2020, gwamnati kuma ta yi barazanar janye wa masu ƙin shiga matsayin ƙungiyar agaji da sassaucin harajin da ke tattare da shi, sannan suka shiga a 2021. Wannan ya nuna cewa abin da wa'azi da kunya suka kasa, taɓa aljihu ya yi shi cikin 'yan watanni. An kuma faɗaɗa tsarin da gwamnati ke biya a madadin cibiyar da ta rushe ko ta talauce, sannan a 2024 aka sassauta dokar da ta hana fursunoni nema, wadda tun farko ba ta da kan gado, tunda sananne ne cewa da yawa daga cikin yaran da aka lalata a gidajen horo hanyar gidan yari suka bi.

Kashi na uku na shirin, wato neman gafara kai tsaye, shi ne kaɗai wurin da cibiya take fuskantar mutum ido da ido, kuma shi ne wanda mutane kaɗan suka kai ga amfana da shi. Mai nema ne yake zaɓar yadda za a yi, ko wasiƙa, ko ganawa da wani babban jami'i tare da mai shiga tsakani, kuma yana da damar tambayar abin da aka canza domin kada a maimaita. Ina ganin a nan ne ya kamata a ƙara ƙarfi, a wajabta wa cibiya ta faɗa wa mutum abin da ke cikin fayil ɗinta game da wanda ya cuce shi, da ranar da aka fara kai kuka a kansa, domin gafarar da ba ta zo da bayani ba tana iya zama wani sabon rufin.

Ga wanda ya tsufa, ko ba shi da lafiya, ko ba shi da wata takarda da za ta tsaya a kotu, ko kuma ba zai iya jure tambayoyin lauyoyi ba, shirin yana yin abin da ya yi alkawari, kuma matsakaicin abin da yake biya yana tsakanin dala 80,000 da 90,000, wanda ya ɗara abin da hukumar binciken ta yi hasashe. Ga wanda yake da ƙarfi da shaida, musamman idan akwai alamar cewa shugabannin cibiyar sun sani, kada ya sa hannu sai ya zauna da lauyan da ya san shari'ar diyya ya ji abin da ƙararsa za ta iya kaiwa, domin hannun da aka sa ba ya goguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Baba ya zaɓi ya karɓa a wata na biyar. Ya gyara rufin gidansa, ya biya kuɗin jana'izarsa tun yanzu, sannan ya nemi ganawa da shugaban ƙungiyar da ta riƙe gidan marayun. Ya sa na rubuta masa tambayoyi uku da manyan baƙaƙe a bayan wata ambulan domin ya iya karantawa da kansa, kuma ta farko ita ce a wace shekara aka fara kai musu kuka a kan malamin.